Gudajin furotin a cikin E. coli: littafin aikina na hunturu

11 ga Nuwamba

Saƙon da muke jira ya iso. 'Yar takardar tacewa ce cikin ambulan, an zana da'ira uku da fensir, an ɗiga filasmid, wato ɗan zoben DNA da ake shigar wa bakteriya, a kowace an bar shi ya bushe. Abokin Malam, mai duba aikina, ne da ke wani ɗakin bincike a Turai ya aiko. Da'irar farko tana ɗauke da umarnin ƙera GFP, furotin mai walƙiyar kore, an liƙa masa 'yar wutsiya da ake kira ELK16. Ta biyu ta beta-galaktosides ce, inzayim ɗin da ke raba sukarin madara gida biyu, an ɗaura masa furotin VP1 na ƙwayar cutar baki da kofato ta shanu. Ta ukun fanko ce, don gwadawa da sauran.

Ga wanda bai san harkar ba: idan aka tilasta wa bakteriyar E. coli ta ƙera furotin da yawa kuma da gaggawa, furotin ɗin ba ya samun sararin naɗuwa yadda ya kamata. Sai ya yi ta manne wa 'yan'uwansa har su cure wuri ɗaya, kamar yadda gari ke yin gudaji idan aka antaya shi a tafasasshen ruwa ba a dama ba. A 1982 masanan kamfanin Eli Lilly suka ba da rahoton irin wannan gudaji a cikin bakteriyar da ke ƙera musu insulin ɗin ɗan Adam. Daga nan aka yi shekaru ana masa kallon wahala: a narkar da shi da yuriya mai ƙarfi ko guwanidin, a warware furotin ɗin tas, a lallaɓa shi ya sake naɗuwa, sau da yawa kuma mafi yawansa ya sake curewa a hanya. Har gobe da wannan hanyar ake yin wani kaso na insulin ɗin da ake sayarwa.

Tun 1989 Worrall da Goss suka nuna gudajin beta-galaktosides yana aiki ba tare da an narkar da shi ba. Maganar ba ta yi nisa ba a lokacin. Sai a 2005 ayarin Antonio Villaverde na jami'ar Autònoma da ke Barcelona suka tabbatar da cewa inzayim da furotin masu walƙiya suna ci gaba da aikinsu a cikin gudaji. Aikina shi ne in yi gudajin da gangan, in wanke shi, in sa shi aiki a yadda yake, in ga zagaye nawa zai yi kafin ya gaji. Dalilina ba ɓoyayye ba ne. Ba mu da injin tace furotin na zamani, amma muna da santarifuj, shi kuma gudaji nauyi gare shi, ana wulwulawa sai ya kwanta a gindin bututu.

14 ga Nuwamba

Na jiƙa da'irorin, na shigar da filasmid cikin BL21(DE3), irin E. coli da nake aiki da ita, da dabarar gishirin kalsiyam da ɗumin digiri 42. Duka farantai ukun sun tsiro a kan kanamaisin, maganin da ke kashe duk bakteriyar da ba ta karɓi filasmid ba. Na ajiye iri cikin gilisarol.

19 ga Nuwamba

Renon farko. Romon LB, abincin bakteriya, digiri 37, ana jijjigawa har ruwan ya yi duhun da injin auna launi ya nuna 0.6, sai na zuba IPTG, sinadarin da ke kunna filasmid, milimola 1 na bar su awa huɗu. Na ɗiga a gilashi na leƙa a maikuroskof. A kusan kowace bakteriya akwai ɗigo mai sheƙi a ƙarshen jikinta, wasu gefe ɗaya, wasu duka biyun. Masu filasmid fanko sumul suke.

Zaman gudaji a ƙarshen jiki ba haɗari ba ne. Tarin DNA ya mamaye tsakiya, babu wurin da babban abu zai zauna, sai ya tura shi gefe. A 2008 wasu masana a Faransa, Lindner da abokan aikinsa, sun nuna cewa idan bakteriyar ta rabu biyu, wadda ta gaji tsohon gefen ita ke tafiya da curarren furotin, kuma girmanta ya fi na 'yar'uwarta jinkiri. Wato har bakteriya tana tsufa.

Baba mai kula da ɗakin gwaji ya karɓi maikuroskof ɗin ya duba, ya ɗago ya ce, "'Yata, ai wannan shi ne abin da ɗaliban baya ke kuka da shi. Ke kuma murna kike yi?" Na ce, "Baba, shi na zo nema."

22 ga Nuwamba

Injinmu na fasa bakteriya da ƙarar sauti ya daɗe a kwance, don haka na bi ta lallami. Inzayim ɗin laisozayim miligiram 1 a kowace mililita ya cinye bangon bakteriyar, sai daskarewa da narkewa, sai sabulun Triton X-100 rabin kashi ɗaya cikin ɗari ya wanke kitsen fata. A nan abu ya tsaya. Ruwan ya yi yauƙi, in na ja da fifet sai ya biyo kamar zare ya koma. DNA ce ta fito daga biliyoyin ƙwayoyi a lokaci ɗaya. Na wulwula haka nan, laka ta ƙi kwanciya, wani farin abu mai santsi ne kawai ke yawo a tsakiya. Sai da na zuba DNase, inzayim mai yanyanka DNA, da ɗan gishirin magniziyam na bar shi kusan awa ɗaya a digiri 37 kafin ruwan ya tsinke.

Bayan minti 15 a ƙarfin g 15,000 aka samu laka mai tauri. Muka kashe fitila, na sa tabarau ruwan lemo, na haska ta da tocila shuɗiya. Kore shar. Ruwan da ya tsaya a bisa kuwa ɗan haskensa kaɗan ne.

Wannan kore shaida ce babba. GFP ba ya walƙiya sai ya naɗe kansa ya zama 'yar ganga, abin da ke ba da hasken ya kammala samuwa a cikinta, da taimakon iskar oksijin. Furotin da ya wargaje ba zai ba da komai ba. Ke nan a cikin lakar nan akwai furotin mai yawa da ya naɗu daidai. Abin da aka fahimta zuwa yanzu shi ne wani ɓangare na furotin ɗin kan saƙu ya zama zaruruwa irin na amiloyid, masu kama rinin Congo red da tayofilabin T, sauran kuma ya maƙale a tsakankaninsu lafiya lau. Akwai ƙofofi, ruwa yana shiga yana fita.

27 ga Nuwamba

Wankin laka, sau uku kowane bututu. Santarifuj ɗinmu ƙananan bututai kawai yake ɗauka, don haka filas ɗaya wunin aiki ne. Babban yatsana ya yi kanta da buɗe murfi.

2 ga Disamba

Gwajin beta-galaktosides. Ana ba inzayim ɗin ONPG, sinadari marar launi mai kama da sukarin madara, in ya yanke shi sai ruwan ya koma rawaya, a tsayar da aikin da sodiyam kabonet, a auna a nanomita 420. Lakar ta mayar da ruwan rawaya cikin 'yan mintuna. Abu ɗaya da ya kamata mai bin wannan hanya ya sani: gudajin da ke yawo cikin ruwa yana tare haske, injin sai ya ƙirga shi a matsayin launi. Dole a wulwula tukuna a auna tsararren ruwan.

Na kai wa Malam bututun ina ta fara'a. Ya ɗaga shi ya duba ya ce, "To, madalla. Ina na fankon?" Na ce, "Ranka ya daɗe, yana can, ban zuba masa ba tukuna." Ya ce, "Je ki zuba, sannan mu yi magana."

Na fankon ma ya yi rawaya. Ba kamar wancan ba, amma ido yana gani.

Dalilin a fili yake. BL21(DE3) tana da nata beta-galaktosides ɗin a jikinta, kuma IPTG ɗin da nake zubawa don ya kunna filasmid shi ne dai mabuɗin nata. Ke nan inzayim biyu ake ƙerawa tare, nawa mai wutsiya da na gida marar wutsiya. Abin da ya fi damuna shi ne gudaji abu ne mai danƙo, yana iya kwaso na gidan ya riƙe, ni kuma in rubuta cewa gudajina ne ke aiki. Kafin a raba gardamar nan babu lambar da zan yarda da ita.

6 ga Disamba

Na gudanar da jel, gwajin da ke jera furotin layi-layi bisa nauyinsu. Inzayim na gida yana tsayawa a layin kilodalton 116, nawa kuma ya fi shi nauyi saboda VP1, don haka yana makalewa a sama da shi. A lakar da aka wanke sau ɗaya layuka biyun suna nan. A wanki na uku na ƙasan ya kusa ɓacewa, na saman ya yi kauri, lakar fanko kuma ta daina canza launi, alhali tawa tana yi. Hankalina ya ɗan kwanta. Akwai wasu ƙananan layuka can ƙasa, wajen kilodalton 16, da nake kyautata zaton IbpA da IbpB ne, furotin biyu na E. coli da aka fara ganowa manne da irin wannan gudaji a 1992.

Maganin gaskiya shi ne irin bakteriyar da aka cire wa nata inzayim ɗin, kamar Tuner(DE3). Malam ya rubuta wa abokinsa.

Wani abin da ya tsaya mini a rai: beta-galaktosides ba ya aiki shi kaɗai, sai guda huɗu sun haɗu sun zama ƙungiya, kowane kuma yana da amino asid fiye da dubu. A ce wannan ƙato ya nemo 'yan'uwansa uku a cikin cunkoson da ake kira shara, ya zauna daidai, har ya yi aiki. Wanda ya ɗauko yuriya mola 8 ya zuba a kai rushe gini yake yi don ya sake ginawa.

12 ga Disamba

Mutanen Barcelona sun ba da rahoto a 2007 cewa idan aka rene bakteriya a sanyi, furotin ɗin da ke cikin gudaji ya fi inganci. Ƙera shi yana tafiya a hankali, yana samun lokacin naɗuwa kafin a binne shi. Injin jijjigarmu ɗumamawa kawai ya iya, bai san sanyaya ba. A watan Afrilu wannan gwaji ba zai yiwu a ɗakin nan ba. Yanzu kuwa hunturu ya shigo sosai. Na kashe hita, na ɗan ɗage murfin injin, na saka ma'aunin zafi a filas ɗin ruwa kusa da nawa. Da dare ya tsaya tsakanin digiri 21 da 23. Na rage IPTG zuwa milimola 0.2, na bar su har safe.

Lakar ta fi ta digiri 37 ƙanƙanta, kusan rabinta, kuma kore ya ƙaru a ruwan bisa, alamar wani furotin ya tsere wa curewa. Amma da na daidaita nauyi, ta sanyin ta fi haske nesa ba kusa ba, ta inzayim ɗin ma ta fi saurin rawaya. Ta kuma fi laushi, tana watsewa da zarar fifet ya taɓa ta. Ta digiri 37 sai an yi ta gugarta.

Ƙura ita ce kuɗin da ake biya. Faranti biyu sun yi furfura duk da ina aiki kusa da harshen wuta. Baba ya toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tsumma.

17 ga Disamba

Na shafa ɗan lakar da na ɗauka tsarkakakkiya ce a farantin LB na bar shi ya kwana. Da safe ɗigo-ɗigo sun cika shi. Akwai bakteriya masu rai a ciki. Laisozayim bai kai ga kowa ba, kuma ƙwayar da ba ta fashe ba nauyinta ya isa ta kwanta tare da gudaji.

Matsalar kashi biyu ce. Ta farko, mai rai za ta ci gaba da ƙera inzayim, ta kuma cinye gulukos ɗin da zan auna nan gaba. Ta biyu, bakteriya ce da aka sauya wa halitta, mai jure kanamaisin, ba ta da hurumin fita daga ɗakin nan. Tun 2015 Nijeriya ke da dokar da ta kafa hukumar NBMA mai sa ido kan irin wannan, kuma takardar izinin da kwamitinmu ya ba ni ta ce duk abin da ya taɓa bakteriyar sai ya bi ta tukunyar matsi kafin a zubar.

Dafa lakar zai kashe inzayim ɗin tare da bakteriyar. Don haka na koma daskarewa da narkewa, ina shafawa a faranti bayan kowane zagaye biyu, na kuma sake zagayen laisozayim da ɗan EDTA. EDTA ɗin sai an wanke shi sarai, domin yana kwashe magniziyam ɗin da inzayim ɗin ke buƙata.

21 ga Disamba

Faranti fes. Lissafin kuɗi kafin hutu: laisozayim da DNase naira 140,000, ONPG da IPTG naira 95,000, bututai da kawunan fifet naira 38,000, karo-karon man janareta na dararen da na kwana da injin jijjiga naira 60,000. Man nan shi ne abin da ban sa a kasafi yadda ya kamata ba, shi kuma renon sanyi ba ya yiwuwa sai an kwana ana jijjigawa. Na raba lakar gida uku: firiza, firij, da wadda na bari a kan benci don in ga iyakarta.

7 ga Janairu

An yi kwanaki babu wuta lokacin hutu, firiza ta narke ta sake daskarewa, ga alamar ruwa a gindinta. DNase ya mutu murus. Ruwan bisa mai ɗauke da inzayim narkakke, wanda na ajiye don gwadawa, ƙarfinsa ya faɗi ƙasa da rabi. Gudajin firiza da na firij kusan yadda na bar su. Na benci ma yana aiki, ya dai ragu. Ban shirya wannan gwaji ba, amma ya shiga littafi, kuma zan maimaita shi da tsari.

15 ga Janairu

Gwajin maimaici, wanda shi ne zuciyar aikin. A zuba ONPG, a jira minti goma, a wulwula, a kwashe ruwa, a wanke, a sake zubawa. Ƙarfin yana sauka a kowane zagaye, zuwa na biyar bai kai rabi ba. Tambayar ita ce mutuwa inzayim ɗin yake yi ko guduwa.

Na jiƙa lakar a bafa zalla, wato ruwan daidaita tsami, na awa biyu, na wulwula sosai, na ɗebi ruwan bisa na zuba masa ONPG. Rawaya. Gudajin yoyo yake yi. Furotin mai kyau da ke maƙale tsakanin zaruruwa yana saɓulewa a hankali, kuma lakar sanyi, wadda ta fi inganci, ita ta fi yoyo. Laushin da na yaba a Disamba shi ne ya dawo mini.

Ga mai son inzayim ya zauna wuri ɗaya ya yi ta aiki, wannan aibi ne. Abin mamaki, a kan wannan aibin ne aka gina rabin fagen. A 2012 ayarin Barcelona suka zuba gudajin furotin masu magani a kan ƙwayoyin dabba da ake reno a faranti, gudajin ya manne musu, wani ya shige ciki, ya riƙa sakin furotin ɗin har ƙwayoyin da aka jigata suka farfaɗo. Daga baya suka dasa gudaji a ƙarƙashin fatar ɓeraye masu ciwon dajin hanji, an sa wa furotin ɗin alamar T22 mai neman ƙofar CXCR4 da ke jikin ƙwayoyin dajin, ya riƙa fita kwana da kwanaki yana bin jini zuwa inda ƙarin yake. Jikinmu ma haka yake ajiye wasu homon, a cure, ya sake su idan buƙata ta taso. A wannan jami'ar dai, ayarin Nerea Roher sun gwada ba kifi gudaji ta baki don tada garkuwar jikinsa, saboda yana jure tsamin ciki. Duk wanda ya taɓa ganin kududdufin tarwada ya san ba mai bin kifi dubu ɗaya bayan ɗaya da allura. Duk waɗannan a matakin gwaji suke, kada wani ya karanta nan ya tafi kemis nema.

Masu neman akasin haka su ne irin mutanen Jülich a Jamus, ayarin Ulrich Krauss. Suna ɗaura wa inzayim wutsiyar TDoT, wadda aka samo daga Staphylothermus marinus, halittar da ke rayuwa a ruwan zafi na ƙasan teku, don gudajin ya yi tauri. A 2018 sun yi amfani da irinsa wajen juya laisin zuwa kadaberin, sinadarin da ake haɗa wani nau'in nailan da shi. Ni a layinsu nake, sai dai wutsiyata ta masu yoyo ce.

22 ga Janairu

Na ɗaure gudajin da gulutaraldehaid, wanda ke ƙulla furotin da maƙwabcinsa. Ba a yin wannan a bafar Tris, domin ita ma tana da hannun da sinadarin ke kamawa, sai ta shanye shi. Na koma bafar fosfet, na gwada ƙarfi uku, minti 30, na tsayar da gilaisin. A kashi 1 cikin ɗari lakar ta yi ruwan ƙasa ta mutu. A 0.05 yoyon bai daina ba. A 0.2 an rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin farko, amma ruwan jiƙo ya daina rawaya, kuma bayan zagaye goma saura yana nan da dama. Na karɓi wannan ciniki.

Warin sinadarin yana shiga ido. Baba ya hana kowa buɗe kwalbar sai a akwatin zuƙe hayaƙi, kuma gaskiyarsa.

29 ga Janairu

Wulwulawa bayan kowane zagaye ba hanya ba ce ga abin da ya wuce cokali. Na cuɗa ɗaurarren gudajin da sodiyam aljinet kashi 2 cikin ɗari, na riƙa ɗiga shi da sirinji cikin ruwan kalsiyam kulorayid. Kowane ɗigo yana taɓa ruwan sai ya zama ƙwallo. Na GFP sun yi kyau ƙwarai a ƙarƙashin tocila, har 'yan aji huɗu suka shigo kallo. Yanzu rariyar shayi ta isa a raba inzayim da ruwa.

Na bar su cikin bafar gwaji suka kwana, da safe na tarar da kunu. Fosfet yana ƙwace kalsiyam ɗin da ke riƙe da aljinet. Ke nan ɗauri yana son fosfet ya ƙi Tris, ƙwallo yana son Tris ya ƙi fosfet. Tsarin yanzu: a ɗaure a fosfet, a wanke sau uku, a koma Tris mai ɗan kalsiyam da magniziyam da gishiri, sannan a yi ƙwallo. Gudajin mako guda ya tafi a wannan darasi.

Ƙwallayen sun fi laka jinkirin aiki, domin sai ONPG ya ratsa aljinet sannan ya ratsa gudaji. Allura mafi siriri ta ba da ƙanana, saurin ya ɗan ƙaru.

5 ga Fabrairu

Madara ta gaske. Na sayi sabuwar tatsa, na dafa, na cire mai da santarifuj. Madarar shanu tana da laktos, wato sukarin madara, wajen giram 47 a lita, in an raba shi duka za a samu gulukos kusan giram 25. Ba mu da injin auna sukari na ɗakin gwaji, sai na sayo na masu ciwon sukari, naira 22,000 da tsinkayensa. Abu biyu: an ƙera shi don jini ne, don haka sai da na haɗa madara da gulukos sananne na zana ma'aunina, kuma wasu tsinkayen, masu inzayim GDH-PQQ, suna ƙirga galaktos a matsayin gulukos, ni kuwa rabin abin da nake samarwa galaktos ne. Na duba takardar cikin kwali na zaɓi masu gulukos oksides. Ana tsarma madarar sau goma kafin a ɗiga.

A digiri 37 gulukos ya hau da sauri a awa biyun farko, sannan saurin ya fara raguwa, zuwa awa shida ya tsaya wajen rabi. Ban yi mamaki ba. Sukarin da aka saki yana taka wa inzayim ɗin birki, kuma shi wannan inzayim yakan sake ƙulla su ya yi wani sukari mai suna alolaktos. A ruwan tsamin kindirmo kuwa bai motsa ba, don shi ɗan tsaka-tsaki ne, wajen pH 7 yake so.

Wani ɗalibi ya tambaya ko za a iya sha. A'a. Bangon E. coli yana da guba mai suna endotoksin, tana manne wa gudaji, tafasa kuma ba ta kashe ta. Ga gulutaraldehaid a kai. Irin wannan inzayim, laktes, da masana'antu ke sa wa madara daga yis ɗin Kluyveromyces lactis da naman gwarin Aspergillus oryzae ake samunsa. Nawa na koyon hanya ne. Masu son gudaji marar wannan guba sun koma Lactococcus lactis, bakteriyar da ake yin cuku da ita, kuma a 2016 aka nuna ita ma tana yin gudaji mai aiki.

13 ga Fabrairu

Tuner(DE3) ta iso, na shigar mata da filasmid biyu, ta tsiro. Duk lambobin da za su shiga kundi da ita za a sake su, daga farko. Daren jiya ma'aunin ya nuna digiri 26, don haka renon sanyi shi ne gaba da komai: filas shida kafin ƙarshen wata, a wanke, a raba, a daskarar. Ɗauri da ƙwallo ba ruwansu da yanayi, za su jira Maris. Bayan nan gwajin ajiya mai tsari, firij da benci da digiri 40, ana aunawa duk mako.

Malam yana so a nemi beta-galaktosides mai wutsiyar ELK16 ko L6KD, gajerun wutsiyoyin da ayarin Zhanglin Lin na jami'ar Tsinghua suka fito da su, mu ga ko za su riƙe ba tare da gulutaraldehaid ba. Ƙera filasmid ɗin zai ci abin da ya rage a asusun. DNase sabo ya zo, na raba shi ƙananan bututai, rabi na kai firizar sashen da ke da sola.